Ɓallewar Madatsar Alau da Lissafin Damina da Ya Sauya

A daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, ruwan da madatsar Alau ke riƙe da shi ya fi ƙarfin jingar da ta tare shi, ya bi kogin Ngadda ya gangaro wa Maiduguri. Tsakanin madatsar da birnin kusan kilomita 20 ne kawai, don haka da yawa daga mutanen Fori da Gwange da sauran unguwannin bakin kogi a kan shimfiɗa ruwan ya tarar da su. Kafin rana ta faɗi ya mamaye Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da asibitin ƙwararru na jiha, ya kada katangar gidan yari har fursunoni 281 suka tsere, ya kuma halaka mafi yawan dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi, kadoji da macizai suka bi ruwa zuwa cikin unguwanni. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na birnin ya kasance a cikin ruwa, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suka ƙiyasta cewa mutum fiye da 400,000 sun bar gidajensu. Sansanin Bakassi, wanda gwamnatin jiha ta rufe a 2021 bayan ya daɗe yana ɗauke da 'yan gudun hijirar rikicin Boko Haram, sai da aka sake buɗe shi.

Tun ruwan bai janye ba aka shiga gardama kan wanda za a ɗora wa alhaki. Ministan albarkatun ruwa, Joseph Utsev, ya ce madatsar ba rushewa ta yi ba, ruwan da kogin Ngadda ya kwaso ne ya wuce ƙima har ya haye jinga, kuma ya danganta lamarin da sauyin yanayi. Mazauna yankin da 'yan jarida suka ce an daɗe ana kuka da halin da madatsar ke ciki, kuma kwanaki kaɗan kafin aukuwar abin wata tawagar gwamnatin jiha ta je ta duba ta, ta dawo ta ce wa jama'a su kwantar da hankalinsu. Kowane ɓangare yana magana kamar gaskiyar ɗayan tana soke tasa. A ganina raba maganar gida biyu shi ne abin da zai hana mu fahimtar haɗarin da ke gabanmu. Sakaci ya daɗe a madatsunmu da gadojinmu, amma shekarun ƙarancin ruwa sun rufa masa asiri. Abin da sauyin yanayi ya yi shi ne ya cinye 'yar rarar da sakacin ke fakewa a cikinta, ta yadda lahanin da a da zai iya shekara ashirin ba a ji ɗuriyarsa ba, yanzu damina ɗaya ta ishe shi ya zama bala'i.

Domin a gane wannan, sai an san yadda ake yanke shawarar girman irin waɗannan gine-gine. Injiniyan da aka ba aikin gada ko kwalbati ko madatsa ba ya gina ta don ta jure kowane irin ruwa, domin babu aljihun da zai ɗauki wannan kuɗi. Abin da yake yi shi ne ya tattara bayanan ruwan sama da na cikar kogi na shekarun baya, ya fitar da girman ambaliyar da ake sa ran zuwanta sau ɗaya a shekara 25 ko 50 ko 100, gwargwadon muhimmancin aikin, manyan madatsu ma akan yi musu lissafin da ya wuce haka, sannan ya auna faɗin mafitar ruwa da tsayin jinga a kan wannan adadi, ya ɗan ƙara wani abu saboda tsaro. Ambaliyar da aka ce ta shekara 100 ce, a kowace damina akwai yiwuwar kashi 1 cikin ɗari ta zo, kuma ginin da zai yi shekara 50 yana aiki, yiwuwar ya gamu da ita a tsawon rayuwarsa kusan kashi 40 ce cikin ɗari. Amma idan yanayi ya sauya har ruwa mai wannan girman ya koma mai zuwa sau ɗaya a shekara 20, yiwuwar ta haura kashi 90, alhali ginin yana nan yadda aka zana shi, ba a ƙara masa ko taku ɗaya ba. Dukkan lissafin ya dogara ne a kan zato guda, wato daminar gobe za ta yi kama da ta jiya, kuma wannan zaton ne ya rushe a yankin Sahel.

Jihar Borno ta ɗanɗani wannan ta fuska biyu. A shekarun 1960 Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000, kuma a kan wannan cikar aka tsara babban aikin noman rani na kudancin tafkin a yankin Marte, wanda aka yi nufin ya shayar da hekta wajen 67,000 na alkama da shinkafa. An buɗe aikin a 1979, amma farin 1972 zuwa 1974 da wanda ya biyo baya a farkon shekarun 1980 sun ja da tafkin baya, har doguwar hanyar ruwan da aka haƙa zuwa gare shi ta kafe, manyan injinan ban-ruwa suka tsaya cik. A 1985 kogin Kwara da kansa ya daina gudu a Yamai. A cikin wannan yanayi ne, tsakanin 1984 da 1986, Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi ta gina Alau, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 112, domin ta ba Maiduguri ruwan sha, ta kuma taimaki noma a fadamar Jere. Abin da ke damun kowa a lokacin shi ne yadda za a kama ruwa a riƙe shi. Aikin Marte an yi shi da lissafin shekarun yalwa, fari ya durƙusar da shi. Alau an gina ta a tsakiyar fari, ambaliya ta ci ta, karon farko a 1994, shekara takwas kacal bayan kammala ta, sannan a 2024.

Ruwan sama ya dawo Sahel tun daga shekarun 1990, sai dai bai dawo da halinsa na da ba. Manoma sun san haka ba tare da an karanta musu rahoto ba: damina ta yi jinkiri, a yi shuka ta ƙone, a shafe mako biyu ko uku babu ɗigo, sannan hadari ɗaya ya sauke ruwan wata guda a dare ɗaya. Dalilin ba mai wuyar fahimta ba ne. Iska mai zafi tana ɗaukar tururin ruwa fiye da mai sanyi, kuma duk ƙarin digiri ɗaya yana ba ta damar riƙe ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari, wanda wata rana dole ya sauko. Wani bincike da aka buga a mujallar kimiyya ta Nature a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma ya danganta hakan da yadda hamadar Sahara ke ƙara zafi fiye da yankunan da ke kudu da ita. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi a ma'aunin duniya, kuma masanan ƙungiyar World Weather Attribution, waɗanda aikinsu shi ne auna hannun ɗumamar yanayi a cikin bala'o'i, sun ƙiyasta cewa ɗumamar ta ƙara wa ruwan wannan daminar ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari a yankunan kogin Kwara da Tafkin Chadi. A ƙarshen Agustan shekarar, garin Maradi ya samu ruwa milimita 150 a cikin sa'a ɗaya da rabi, a yankin da ruwan shekara gaba ɗaya yakan tsaya a wajen milimita 500. Da wuya a samu lambatu ko kwalbati a garuruwanmu da aka yi wa lissafin irin wannan ruwa.

Mai karatu na iya cewa kashi 5 zuwa 20 ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ga gona haka ne, domin ƙarin ruwa kaɗan ɓarna kaɗan yake yi. Madatsa da gada kuwa iyaka gare su: ruwan da ya tsaya taku ɗaya ƙasa da bakin jinga ba ya taɓa komai, wanda ya haura da taku ɗaya yana iya tafiya da ginin duka.

Ƙasar da ruwan ke sauka a kai ita ma ta sauya. Inda aka sare itatuwa, aka nome gona har bakin rafi, dabbobi suka tattake, ƙasa takan ƙandare ta zama faƙo, ruwa ba ya nutsewa sai dai ya kwaranya. Masana ruwa sun daɗe da lura cewa a wasu kogunan Sahel ruwan da ke gudu ya ƙaru ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, saboda wannan dalili. Ruwan kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana ɗauke da yashi da laka, waɗanda ke kwantawa a tafkin madatsa shekara bayan shekara, har madatsar da takarda ta ce tana ɗaukar miliyan kaza ta zama a zahiri ba ta da wannan zurfin. Ruwan Ngadda yana zuwa ne daga kogunan Yedzaram da Gombole, waɗanda ke tasowa daga duwatsun kan iyakar Kamaru su haɗu a dajin Sambisa. Duk wanda ya san abin da wannan yanki ya shiga tun daga 2009 ya san ba wuri ba ne da ma'aikacin auna ruwa zai riƙa kai da komo da littafinsa. Rikicin nan dai shi ne ya cika Maiduguri da jama'a, waɗanda suka iso ba su da kuɗin fili a tudu, suka yi matsuguni a kwari da bakin kogi, inda ruwa ke bi tun kaka da kakanni.

Mafi yawan madatsun Arewa jingar ƙasa ce, wato laka da tsakuwa da aka daɓe hawa-hawa, tare da mafitar kankare da ƙofofin ƙarfe. Irin wannan gini yana riƙe ruwa mai tarin yawa matuƙar ruwan yana bayansa, amma ba ya jure ruwan da ya bi ta kansa. Da zarar ruwa ya haye, sai ya fara zaizayar ɗaya fuskar jingar, ya yanka 'yar siririyar hanya, hanyar ta zurfafa ta ci baya zuwa baki, kuma kowane taku da ta ci yana ƙara yawan ruwan da ke bi ta cikinta, har abin da ya fara kamar ƙorama ya zama giɓi mai faɗi a cikin 'yan sa'o'i. Akwai kuma yoyon da ke bi ta ciki, ta ramin gara ko ɓera ko ruɓaɓɓiyar saiwar itace, wanda ke iya shekaru yana kwashe ƙasa a ɓoye. Alamarsa ita ce danshi da ciyawa shar a bayan jinga a tsakiyar rani, ko ruwan yoyo da ya fito da launin laka maimakon ya fito garau. Wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san ba ruwan shekara ɗaya ke kada katanga ba, yaɓen da aka riƙa tsallakewa ne, kuma jinga ma haka take: tana buƙatar mai zagaya ta da ƙafa, mai toshe rami, mai sare itacen da ya tsiro a kanta, mai shafa wa ƙofa giris ya gwada ta tun kafin marka. Madatsar Bagauda ta ɓalle a Kano a watan Agustan 1988, ta Gusau ta ɓalle a ƙarshen Satumban 2006 ta kashe mutum wajen 40, saboda haka babu wanda zai ce ba a taɓa yi mana gargaɗi ba.

Abin da ya sa ɓarnar waɗannan gine-gine ta bambanta da rushewar gidaje shi ne ba sa faɗuwa su kaɗai. Asibitin Koyarwa na Maiduguri shi ne madogarar marasa lafiya daga Borno da Yobe da Adamawa, har da masu tsallakowa daga Chadi da Nijar da Kamaru. Ruwan ya shiga hawan ƙasa, kuma a kowane babban asibiti hawan ƙasa nan ne ake ajiye abubuwa mafiya nauyi da tsada: na'urorin ɗaukar hoto, na'urorin gashi na masu cutar daji, ɗakunan gwaje-gwaje, ma'ajiyar magunguna, janareto da allunan rarraba wuta. Ana sa su a can ne saboda nauyinsu da sauƙin shigar da su, kuma dalili ne mai kyau matuƙar ba a tsammanin ruwa. Asibitin ya dakatar da karɓar marasa lafiya na wani lokaci, a daidai ranakun da birnin ya fi buƙatarsa. Mai wankin ƙoda sau biyu a mako ba ya iya jiran ruwa ya janye, mai doguwar naƙuda ma haka, kuma idan irin waɗannan suka rasu ba sa shiga alƙaluman ambaliya, domin ba nutsewa suka yi ba. Wannan ne ya sa nake ganin duk adadin mamatan da ake bayarwa bayan irin wannan bala'i bai kai ainihin asarar rayukan ba.

Gadojin Fori da Gwange da ta titin Legas, duk a cikin Maiduguri, sun samu lahani, birnin ya rabu, masu ceto suka koma ga kwale-kwale da manyan motocin soja. Ruwa ya cika masai da shaddodi ya gauraya su da rijiyoyi, ya bi ta maƙabarta, kuma a farkon Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Ita kanta madatsar, da ta zubar da abin da ke cikinta, ta bar matatar ruwan birnin da manoman rani da masunta ba tare da tafkin da suka dogara da shi ba, wato ambaliyar Satumba ta haifi ƙarancin ruwan Maris. Sauran sarƙar kowa ya san ta. Idan aka yanke wuta, rijiyar burtsatse ba ta janyo ruwa. Turakun sadarwa suna aiki da janareto, janareto yana shan man gas, man yana zuwa a tanka, tanka tana buƙatar hanya. Idan sabis ya ɗauke, mai kuɗi a banki ba ya iya cirewa a wurin mai POS ya sayi abinci, wanda ke kan rufin ɗaki kuma ba ya iya kiran mai ceto. Mutanen Maiduguri sun riga sun san illar dogaro da abu ɗaya, domin tun da 'yan ta'adda suka kada turakun layin lantarki na Damaturu a Janairun 2021 birnin ya daɗe a cikin duhu, sai da aka gina masa tashar iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. Abin da bam ya yi wa layi ɗaya, ruwa da guguwa suna iya yi masa.

Hanyoyinmu sun fi komai nuna wannan rauni, kuma mafi yawan lokaci daga kwalbati ake farawa. Idan bakinta ya yi wa ruwa kaɗan, ko yashi da leda da karmami suka toshe ta, hanyar da kanta takan koma jinga, ruwa ya taru a gefe ɗaya har ya haye kwalta ko ya rarake ƙasan da ke ƙarƙashinta, gari ya waye an ga rami a inda mota ta wuce jiya. A Agustan 2024 ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, ya kuma karya gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari. A watan nan dai Yamai ta kusa yankewa daga sauran ƙasar Nijar bayan ruwa ya haye mashigar Sorey a kan babbar hanyar da ke zuwa Dosso da Maradi da Damagaram, har aka shiga ƙarancin mai a babban birnin. Daminar ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, saboda wasu azuzuwan sun rushe wasu kuma sun zama mafakar waɗanda suka rasa muhalli. A Oktoban 2022 ruwa ya kwanta a kan hanyar Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe, tankokin mai suka maƙale, layukan mai suka dawo Abuja. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliyar Mokwa, wadda ta kashe mutum fiye da 150, ta katse hanyar da manyan motocin dabbobi da kayan gwari ke bi zuwa Kudu ana gab da Babbar Sallah. A duk waɗannan wurare matsalar ɗaya ce: hanya guda ce ke ɗauke da nauyin yanki gaba ɗaya, kuma babu wata ta biyu mai kyau da za a karkata zuwa gare ta.

Zafi ma yana tasa ɓarnar, ko da yake ba ya barin hoton da za a nuna a talabijin. A ranar 3 ga Afrilu 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, ana cikin azumi, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan, a lokacin da ƙasar ke fama da ɗaukewar wuta. A bazara buƙatar lantarki ke kaiwa ƙololuwa saboda fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki, kuma a lokacin ne kayan lantarkin suka fi rauni, domin man taransifoma yana zafi ya kasa sanyaya ta, wayoyi suna miƙewa su sassauto, batura suna saurin mutuwa. A lokacin ne kuma tafkunan Kainji da Shiroro ke gangarawa ƙasa bayan watannin rani. Idan wutar ta tafi, tana tafiya da allurar rigakafi da jinin da ke cikin firji da injin iskar numfashi.

A nan ne mai kula da madatsa yake tsaka mai wuya, kuma ya kamata a yi masa adalci. Ana so ya tara ruwa ya cika tafki domin wutar rani da noman rani da ruwan sha, ana kuma so ya bar sarari domin ambaliyar da ba a san ranar zuwanta ba. Idan ya saki ruwa da wuri kuma damina ta ɗauke, manoma za su tsine masa a Fabrairu. Idan ya riƙe kuma hadari ya sauko a Satumba, dole ya buɗe ƙofofi gaba ɗaya a kan mutanen da ke ƙasa da shi. Wannan shi ne tushen rigimar da ake yi duk shekara kan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai kusa da Garwa, da madatsar Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa domin ta tare rarar ruwanta amma ba a gina ba har yau. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta 2022 ta kashe fiye da 600. Ba a iya warware wannan tsaka mai wuya da ƙwarewar mutum ɗaya. Sai da ma'aunan ruwa a saman kogi masu aiko da bayani kullum, da hasashen kwanaki masu zuwa, da rubutacciyar ƙa'ida da ke faɗin tsayin da idan ruwa ya kai za a saki, ko da wani babba bai so ba.

Ƙasashen da suka rasa wannan sun ga abin da ya fi namu muni. A Satumban 2023 guguwar Daniel ta ɓalle madatsu biyu da aka gina a shekarun 1970 a saman garin Derna na Libiya, aka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 4,000. A Agustan 2024, makonni biyu kafin Alau, madatsar Arba'at ta ɓalle a Sudan, ita ce kuwa a lokacin babbar hanyar ruwan shan Port Sudan, birnin da gwamnati ta koma saboda yaƙi. A wuraren biyu tsohon gini ne, da ƙasar da rikici ya ɗauke wa hankali, da ruwan da ya wuce na al'ada.

A Fabrairun 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina Alau da inganta ta, ta kuma kafa kwamitin duba lafiyar madatsun ƙasar tun bayan bala'in. Wannan abin maraba ne, amma yana nuna wata ɗabi'a da ke damuna: kuɗin sabon gini yana fitowa, domin akwai kwangila da bikin buɗewa da allo mai ɗauke da suna, kuɗin kula da ginin kuwa shi ne na farko da ake yankewa a kasafi, saboda babu wanda ake yaba wa a kan jingar da ba ta ɓalle ba. Tambayar da ya kamata a yi game da sabuwar Alau ita ce a kan wane lissafin ruwa ake gina ta. Idan an ɗauko tsofaffin alƙaluma an mayar da jinga yadda take, an sake gina matsalar ne da sabon siminti. Haka kuma batun gargaɗi. Hukumar NIHSA mai lura da koguna ta lissafa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 da ke cikin babban haɗari a hasashenta na 2024, amma sanarwar da ta tsaya a sunan ƙaramar hukuma ba ta gaya wa magidanci ko ya kwashe iyalinsa daren yau. Ruwa ba ya cin kilomita 20 a ƙiftawar ido. Da akwai taswirar da ta nuna unguwannin da zai fara shiga da tudun da za a gudu zuwa, da kuma mutum ɗaya da doka ta ba ikon ya kira gidajen rediyo da masu unguwanni da ladanai a tsakiyar dare ba tare da jiran izini ba, da mutane da yawa sun fita da ƙafafunsu da takardunsu.

Mutanen Kano da Jigawa ne ya fi kamata su bi wannan magana da idon basira. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta ninka Alau girma fiye da sau goma, ga kuma ta Challawa da aka kammala a 1992, kuma ruwansu duka biyu yana haɗuwa ya bi ta Wudil da Ringim zuwa Haɗeja. A kan wannan ruwan matatun Tamburawa da Challawa suke, a kansa gadar Wudil take, wadda ke ɗauke da zirga-zirgar Kano da Arewa maso Gabas, a kansa kuma dubban kadada na shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura suke. A ƙasa, yashi da ciyawar kachala sun cushe hanyoyin kogin Haɗeja, shi ya sa ko a shekarar da madatsun ke lafiya ruwa yakan bar hanyarsa ya shiga Auyo da Kafin Hausa da Guri, kamar yadda ya yi a 2022 lokacin da Jigawa ta rasa mutum fiye da 100, matasan Haɗeja kuma suka kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga. Madatsun na hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita kuwa ta gwamnatin tarayya ce, saboda haka 'yan majalisar tarayya na waɗannan mazaɓu suna da hurumin su nemi a nuna musu zurfin tafkunan na yanzu bayan shekarun yashi, da ranar da aka gwada kowace ƙofa, da taswirar inda ruwa zai bi idan aka saki da yawa. Asibitocin da ke kan wannan hanya su ma suna iya ɗaga janareto da allunan wuta da ma'ajiyar magani sama da ƙasa da kuɗin da bai kai na na'ura ɗaya ba. Lokacin yin wannan aiki shi ne tsakanin Nuwamba da Mayu, sa'ad da ruwa ya ja baya har ana iya ganin ƙasan ƙofofi a kuma zagaya bayan jinga da ƙafa.